Yayata ta ƙi shiga layin rabon tallafi: girman kai ne?

Tambaya: Shekara biyu ke nan da mijin yayata ya sake ta, ya bar ta da yara huɗu. Babbar tana da shekara 11, autan yana da uku. Tana zaune a ɗakin haya a cikin birnin Kano, tana awara da wankau. Da azumin da ya wuce wata ƙungiya ta zo unguwarsu rabon shinkafa da kuɗi, na yi ta fama har aka sa sunanta, amma da ta ji sai an tsaya layi a filin makaranta an ɗauki hoto, ta ce ba za ta je ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har muka yi cacar baki. Wannan ba girman kai ba ne ga mai yara huɗu? Kuma ta wace hanya irinta ke samun tallafin gwamnati?

Amsa: Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki damuwar yayarka ta zama taka, don ba kowane ɗan'uwa ke yin haka ba a wannan zamani. Na yi shekaru ina aikin walwalar jama'a, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna a gaban teburina mata ne irin yayarka. Don haka bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kai ne ka yi kuskuren fahimta. Mai girman kai ba ta durƙusawa a tsakar gidan wasu tana wanke zannuwan da ba nata ba. Matar da ta yarda da wankau ta riga ta ajiye girman kai tun da daɗewa. Abin da ta ƙi saki shi ne rufin asiri, kuma ka san ko a addu'a Bahaushe ya fi roƙon rufin asiri a kan dukiya.

Ka yi lissafin da ita ta yi a zuciyarta cikin minti ɗaya. Ɗan ƙaramin buhun shinkafar da ake rabawa, a gida mai baki biyar, ba zai kai mako ba. Hoton kuwa yana nan a Facebook da TikTok har sai ranar da Allah ya so. Gobe 'yarta mai shekara 11 za ta je islamiyya, wata yarinya ta ce mata na ga babarki a layin sadaka. Nan da 'yan shekaru masu neman auren yarinyar za su zo bincike. Dangin tsohon mijinta za su ga hoton su ce ai ga shi ta kasa riƙe yaran, ta mayar da su 'ya'yan bara, a kawo mana kayanmu. Akwai kuma abin da masu rabon ba su taɓa tunawa da shi: mai shagon da ke ba ta waken suya da man gyaɗa bashi, ta soya ta sayar ta biya da yamma, yana ba ta ne don yana ganin ta a matsayin mai sana'a. Uwar adashi ma haka, ba ta sa matar da ake ganin ta faɗi ƙasa warwas a jerin masu kwasar farko. A wurin talaka mutunci jari ne, da shi take cin bashi, da shi take samun wanda zai tsaya mata. Sai aka zo aka ce ta ba da wannan jarin a karɓi shinkafar kwana huɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ina cewa waɗanda suka shiga layin ba su da mutunci ba. Yunwar yaro na sa uwa ta yi abin da ya fi wannan wuya, kuma babu mai hurumin zarginta. Laifin yana kan wanda ya tsara rabon ta yadda sai mace ta zaɓi ɗaya, ko abincin 'ya'yanta ko fuskarta.

Abin mamaki, addinin da yawancin masu rabon nan ke rabo da sunansa ya gama magana a kan wannan tun tuni. A cikin Suratul Baƙara Allah ya ce kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa, ya ce idan aka ɓoye ta aka kai wa matalauta shi ne mafi alheri, sannan ya yabi wasu matalauta da wanda bai san su ba yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu, ba su nacin roƙon mutane. Wannan siffar yayarka ce sak. Ayar kuma tana nuna cewa aikin mai bayarwa ne ya nemo irin waɗannan. Sayyidina Umar da ya tarar da mace tana dafa ruwa a tukunya don 'ya'yanta su yi barci suna zaton abinci ne, da kansa ya saɓo buhun gari cikin dare ya kai mata ƙofa. Bai aika a kira ta fada da safe ba. Ina jin haushin masu cewa dole sai da hoto saboda masu ba da kuɗin suna son shaida. Shaida ana yin ta da rajista, da sa hannu ko dangwale, da rasiɗin tura kuɗi ta waya, da mai bincike da zai bi gida goma cikin ɗari ya tambaya a asirce. Hoton mace riƙe da buhu, fuskarta a waje, ga babban allo mai sunan ƙungiya a bayanta, talla ce kawai. Layin kansa ma ya ci rayuka. A watan azumin 2024 an yi turmutsitsi a Bauchi wajen rabon kuɗin sadaka, mata da 'yan mata suka mutu. A watan Disambar 2024 fiye da mutum 60 suka rasu cikin 'yan kwanaki a rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja, na Ibadan kusan duk yara ne. Uwa mai goyo da ta ƙi shiga irin wannan cunkoso tana da hujja ko da babu kyamara.

Yanzu ga tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ya kamata ka fara yi: ina uban yaran?

A duk tambayarka ba ka ambaci ko sisin da yake kawowa ba, kuma na saba da wannan shirun. Mun mayar da shi al'ada cewa idan namiji ya yi saki, ya saki matar har da 'ya'yan. Sai mu koma muna nema wa yaran sadaka a wurin baƙi alhali mai ɗauke da nauyinsu yana nan da rai, wani lokaci ma ya yi sabon aure da lefe akwati shida. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita kotunan shari'ar Musulunci suke hukunci a Kano, ciyar da yara da tufatar da su da wurin kwanansu wajibi ne a kan uba gwargwadon ƙarfinsa. Ɗa namiji har ya balaga ya iya nema da kansa, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Uwa ba a ɗora mata wannan nauyin ba. Duk awarar da yayarka ta soya ta ciyar da su cikin shekara biyun nan, nauyin wani ta ɗauka. Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban jariri, Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ce idan matan da aka saka suka shayar muku, ku ba su ladansu, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ka lura, ko wanda aka ƙuntata wa ba a ce ya naɗe hannu ba. Da Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar rowar mijinta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa adalci. Bai ce mata ta yi haƙuri ba.

Na san abin da za ka ce: in an matsa masa zai ce a ba shi 'ya'yansa. Wannan barazanar ce ke rufe bakin mata da yawa, kuma tana aiki ne kawai saboda rashin sani. Al'ada ce ke cewa da zarar an yaye yaro na uba ne. A fiƙihun Malikiyya riƙon yaro bayan rabuwa haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin uwar mai hankali ce, mai amana, kuma ba ta auri wanda ba muharramin yaron ba. Ko ta yi auren, riƙon yana komawa ne ga mahaifiyarta, wato kakarsu ta wajen uwa, kafin a zo kan dangin uba. Talauci kaɗai ba ya ƙwace wa uwa riƙo, tunda ciyarwar dama ba a kanta take ba. Uba ba shi da ikon cewa ko a ba ni su ko in daina ciyarwa.

Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce a bi abin daki-daki. A fara da manyan dangi na ɓangarorin biyu, musamman wanda ya yi waliccin auren da wanda ya karɓa, domin kunyarsu tana sa wasu mazan yin abin da sammaci bai sa su ba. In bai ji ba, mai unguwa ko limamin unguwarsu. In bai ji ba, ofishin Hisba, wanda sulhun iyali na cikin manyan ayyukansa na kullum. Daga nan sai kotun shari'a. Hukumar ba da agajin lauya ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa marasa ƙarfi a irin wannan ƙara, kuma a kotun shari'a mace na iya tsayawa ta yi bayani da bakinta cikin Hausa ba tare da lauya ba. Amma ko a wane mataki aka daidaita, ka kula da abu uku da na ga rashinsu ya rusa sulhu da yawa. A rubuta, da shaidu da sa hannu. A ware kuɗin makaranta da na magani daban da na abinci, don in an dunƙule su, ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi abincin watan ya tafi asibiti. Sannan a yanka abincin da kwano, ba da naira ba: kwano kaza na masara, kaza na shinkafa, kaza na wake, ko kuɗinsu a farashin ranar. Duk matar da aka yanka wa adadin naira a farkon 2023, kafin ƙarshen 2024 abin da take karɓa bai sayen rabin abin da yake saye, saboda bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000, hauhawar farashin abinci kuma ta kai kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Kuma a sa kuɗin ya riƙa shiga asusunta ko ya bi ta hannun kotu. Kada a ce ta riƙa aika yaro ƙofar gidan amarya yana tsaye yana jiran a fito masa da kuɗin cefane, don wannan ma wani layin ne.

Kai ne ya kamata ka yi mata wannan zirga-zirgar. Duk ranar da ta tafi zaman sulhu ba ta soya awara ba, ranar babu ciniki.

Ga mai karanta wannan da tasa 'yar'uwar mijinta rasuwa ya yi: ku fara da gado. Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, in suna da yawa su raba shi, sauran kuma mafi yawansa na 'ya'yanta ne. Na sha ganin uwar marayu tana neman sadaka alhali gonar marayun tana hannun baffansu shekara bakwai wai yana juya musu. Akwai kuma wadda mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Libiya ya yi ɓatan dabo, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, kowane rabo aka zo sai a ce ai tana da miji. Irin wannan tana da damar zuwa gaban alƙali a kan rashin ciyarwa. Wadda ta fi kowa shan wuya kuwa ita ce wadda ta haihu ba aure, ko ta hanyar fyaɗe ko yaudara, don ita ko sunanta ba a son rubutawa. Na taɓa zama a wani kwamitin rabo inda wani dattijo ya ce a cire wata yarinya saboda taimakonta ƙarfafa ɓarna ne. Na tambaye shi laifin me jaririn ya yi. Wannan ɗabi'ar ta auna tarbiyyar mace kafin a ba ɗanta abinci ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka har cikin shekarun 1960 ma'aikatan walwala kan kai samame gidajen iyaye mata cikin dare, suna duba ko akwai namiji a ɗaki don a yanke musu tallafi, sai a 1968 kotun ƙolin ƙasar ta soke dokar jihar Alabama da ke hana yara tallafi saboda uwarsu na tare da wani namiji.

To, tallafin gwamnati. Zan gaya maka yadda abin yake don kada ka ɗora buri a inda ba zai ɗauka ba. Najeriya ba ta da wani tallafi na dindindin da aka ware wa uwa mai riƙe da yara ita kaɗai, irin wanda Afirka ta Kudu ke biya kowane wata a kan kowane yaron talaka tun 1998, wanda mai riƙon yaron ke zuwa ofis ta nema a matsayin haƙƙinta. Abin da muke da shi shiri ne da ke zuwa ya tafi da gwamnati. A mulkin Buhari an kafa rajistar talakawa ta ƙasa, aka riƙa biyan gidajen da aka zaɓa naira 5,000 a wata, ana haɗawa a ba da 10,000 duk wata biyu, kuma galibi matar gidan ake bai wa. Kuɗin sun fito daga rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, aka tsayar da shirye-shiryen don bincike, da aka dawo kuma sai aka ce ba za a biya kowa ba sai an tantance shi da lambar NIN. Ka ɗora wannan a kan ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022, cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin uku a Arewa, za ka ga cewa ko an yi rabon da gaskiya, waɗanda ba su samu ba sun fi waɗanda suka samu yawa nesa ba kusa ba.

Rajistar ba fom ake saye a shiga ba. Jami'ai ne ke zuwa unguwa ko ƙauye, a tara jama'a su faɗi waɗanda suka fi talauci a cikinsu, sannan a bi gida-gida a ɗauki bayani. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanta, ko ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce a shigar da lambar BVN, ɗan damfara ne. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambaya a sakatariyar ƙaramar hukumarsu ko an yi rajistar mazaɓarsu da kuma lokacin da za a sake, ka kuma sa mai unguwa ya san halin da take ciki, don irin yayarka da ba ta kuka a bainar jama'a ita ake mantawa a taron zaɓen. Akwai wani rami da zawarawa ke faɗawa: rajistar gida take ƙirgawa, wato masu ci daga tukunya ɗaya. Bazawarar da ta koma gidan ubanta da yara huɗu sai a lissafa ta a ƙarƙashinsa, in shi yana da ɗan rufin kwano da rediyo sai a ce gidan ba matalauci ba ne. Yayarka da ke da ɗakinta da tukunyarta, a tabbatar an rubuta ta a matsayin mai gida.

Ka shirya mata takardu tun kafin a buƙace su: lambar NIN, layin waya da aka yi wa rajista da sunanta, asusun banki nata na kanta, da takardar haihuwar yaran daga hukumar ƙidaya. Na nanata nata na kanta. Na ga matan da tallafinsu ya riƙa shiga wayar tsohon miji saboda da layinsa aka yi rajista tun suna tare. Sannan ka bincika abin da mutane ba su cika kula da shi ba alhali ya fi buhun shinkafa amfani: inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma da wani ɓangare nasa ake yi wa talakawa rajista kyauta ta hannun hukumomin jihohi. A Kano hukumar KSCHMA ce. Ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu ka tambaya. A gogewata, abin da ke karya jarin mai awara ba cin yau da kullum ba ne, ciwon yaro ne na dare ɗaya.

Za ka ji masu cewa ba wa mace kuɗi a hannu yana koya mata zaman jira. An gwada wannan a ƙasarmu, ba a wata uwa duniya ba. Daga 2014 an yi wani shiri a ƙananan hukumomi biyar, Anka da Tsafe a Zamfara, Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, inda ake ba mace naira 3,500 kowane wata tun tana da ciki har yaron ya shekara biyu, daga baya aka mayar da shi 4,000. Ba a ce sai ta yi kaza ba, ana dai haɗa mata da bayani a kan shayarwa da abincin yara. Da masu bincike suka kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba, sai suka ga tsumburewar yara ta ragu, matan ne ke riƙe da kuɗin suna yanke shawarar yadda za a kashe, kuma yawan masu sana'a da masu kiwon dabbobi a cikinsu ƙaruwa ya yi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san gidan talaka: matar da ta san ranar kaza kuɗi kaza za su shigo tana iya shiga adashi, tana iya sayen akuya, ba ta cinye jarinta ranar da ciniki ya ƙi. Abin da ke gina mutum shi ne kaɗan mai zuwa a kan lokaci. Rabon azumi sau ɗaya a shekara, ba a san ko za a sake ba, ba a gina komai a kansa.

Na Jamhuriyar Nijar ya fi burge ni, don ya taɓa batun mutunci kai tsaye. A can gwamnati ta riƙa ba matan gidajen talakawa sefa 10,000 a wata. Sai aka ƙara wa wasunsu horo da ƙungiyar ajiya da jarin sefa 80,000 a dunƙule. Wasu kuma ba a ba su jarin ba, sai aka tara garin gaba ɗaya, maza da mata da shugabanni, aka nuna musu majigin wasu ma'aurata da suka tashi da sana'a, aka tattauna, sannan aka yi wa matan horon mako guda a kan tsara buri, yanke shawara da iya magana a gaban mutane. Sakamakon da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2022 ya nuna cewa waɗannan na biyun ma kuɗin shigarsu ya ƙaru sosai, hankalinsu ya fi kwanciya, kuma idan aka auna da abin da aka kashe, hanyarsu ta fi araha. Wato yadda gari ke kallon mace, da yadda take kallon kanta, yana shiga cikin cinikinta. Rabon da ke sa ta sunkuyar da kai yana aiki ne da akasin haka.

Wani zai ce maganin duk wannan aure ne. Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisba take aurar da zawarawa, a Oktoban 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da matansu a rana ɗaya. Wadda take so kuma ta samu na kirki, Allah ya sanya alheri. Amma sabon miji ba a wajabta masa ciyar da agola ba, kuma na faɗa maka abin da aure ke yi wa riƙon yara. Mata da yawa da ake cewa sun ƙi aure, 'ya'yansu suka ƙi rabuwa da su. Kada ku matsa mata ta wannan ɓangaren don ku huta.

Saura zakka. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, ana iya kai bayaninta can ta hannun mai unguwa. Amma zakkar da ta fi kusa da ita tana cikin danginku da maƙwabtanku. Malamai sun halatta ɗan'uwa ya ba 'yar'uwarsa zakka tunda ciyar da ita ba wajibinsa ba ne, hadisi kuma ya ce sadaka ga dangi lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Malikiyya sun yarda a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Don haka in kana da kawu ko maigida a kasuwa mai fitar da zakka, roƙe shi ya daina tsinka ta dubu bibbiyu ga mutum ɗari a ƙofar gida, ya ware wa mace ɗaya abin da zai tsayar da ita. In zai bayar, a tura mata ta asusu, ko matarka ta kai mata da daddare kamar ziyara. Yaran ma ba sai sun san daga ina ya fito ba.

Kafin duk wannan, ka je ka ba ta haƙuri a kan cacar bakin. Yayarka ce, ta goya ka ko ta ga an goya ka, kuma ka sa sunanta a takardar mabuƙata ba ka shawarce ta ba. Ka zauna ka tambaye ta me ya fi ci mata tuwo a ƙwarya. Kada ka yanke mata. Mun taɓa raba kekunan ɗinki ga mata a wata unguwa, muna ta murna, bayan wata uku muka koma muka tarar kusan rabinsu an sayar. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, sai ta ce, "Hajiya, ni ƙuli-ƙuli na iya, kuma mai gidan haya ya ba ni kwana bakwai." Babu wanda ya tambaye ta kafin a sayo keken. Wataƙila yayarka buhun waken suya take so don ta daina sayen kwano-kwano da tsada, wataƙila babban kasko, wataƙila wanda zai riƙe mata autan da safe. Ni dai da zan yi hasashe, zan ce haya ce, don ita ke hana mai ɗakin haya barci. Ka tambaye ta nawa ne kuɗin ɗakin, kuma a wane wata yake ƙarewa.